Da gangan na zaɓa wa Baba baful ɗin da ba zai ji komai da ita ba

Assalamu alaikum mutanen gidan nan, admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, Diffa ba wani babban gari ba ne, in mutum ɗaya ya gane ni kafin gobe kowa ya ji. Don Allah ku ba ni shawara, na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina.

Yanzu da nake rubutun nan ina zaune bayan tasha ƙarƙashin wani dogon yaro, ƙanina ya kira ni sau bakwai ban ɗauka ba, sai ya turo mini bokal, wato saƙon murya, mai tsawo, na saurara sau ɗaya na kasa sakewa. Yana tsaye ne a cikin shagon da na sayo wa Babanmu baful, wato sifikar da ke ƙara wa tele murya, ya je yi wa mai shagon masifa wai ya sayar mana da kayan banza, shi kuma mai shagon ina jin muryarsa daga baya yana rantsuwa yana cewa a kira yayanka a tambaye shi, wallahi na nuna mishi wadda ta dace da tsoho, shi da bakinsa ya ce ba ita yake so ba. Kuma mutumin nan bai yi ƙarya ba. Gida ma na kasa komawa, tun safe ko ruwa ban sha ba.

Bari in koma baya don ku gane. Ni ne ɗan fari a gidanmu, ƙanin nawa zan ce mishi Madu, ba shi ne sunansa ba. Ni lakol, wato makarantar boko, ba ta karɓe ni ba, a sankiyem, aji biyu na sakandare, na ajiye, na hau kabu-kabu, ina cikin samun na kaina aka hana hawan babur a jihar nan saboda tashin hankali, tun daga nan ban sake zama wuri ɗaya ba. Na sayar da bandar kifi ta Bosso, na yi cajin waya, na zauna wurin mai gyaran rediyo da tele wata takwas har hannuna ya ɗan faɗa sai muka ɓata, da rani ina taya mutane tsinkar tattasai. Madu kuwa ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya je Damagaram ya yi karatu ya dawo, yanzu yana aiki a wani furoje, irin ƙungiyoyin taimakon nan, farar mota ke sauke shi ƙofar gida, da rigarsu ɗin nan mai aljihu goma. Ba mugun yaro ba ne, ku riƙe wannan, har yau Yaya yake ce mini kuma yana durƙusawa in zai gaishe ni, wani lokaci durƙuson nan ma haushi yake ba ni.

Baba manomin tattasai ne a bakin Komadugu, wajen Asaga, kafin a taso mu mu dawo cikin gari. Shekara da shekaru yana tsugune kusa da motopom yana ban ruwa, ƙarar injin nan ta cinye mishi kunne. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama yana ɗan ji, amma ba ihu yake so ba, in ka yi mishi ihu sai ya ce kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Sai ka matso ka rarrabe mishi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana kallon bakinka. A gidan kaf ni kaɗai na iya.

Kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa faɗin sunana ba, kai ne, ko wancan, ko ina yaron nan. Ba ya yaba ni gaban mutane, ba ya tambayar inda na kwana, in ya ba ni abu ta hannun Inna yake biyowa. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya gaya mini, amma ku zo ku ji yadda yake kiran ƙanina, Maduna, Maduna ya zo, a kawo wa Maduna ruwa, har baki yake cikawa da shi. Ni wuri ɗaya nake da shi a wajen Baba. Kullum bayan magariba ana fito da tele ƙarƙashin rumfa, maƙwabta su zo, ni in zauna a damansa bakina kusa da kunnensa, ina faɗa mishi abin da mai labarai ya ce. In abu ya wuce shi sai ya buga gwiwata sau biyu da yatsa, ma'ana me ya ce. Wani lokaci in ƙara nawa gishirin, in ce ministan ya ce shi ma bai san abin da ya kawo shi ba, Baba ya yi dariya har ya riƙe kafaɗata. Shekara shida ke nan. Akwai maƙwabcinmu tsohon jandarma da ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu, Ajidan muke ce mishi, shi ya sa mini suna Ministan Labarai, Madu kuma Direkta. Ina nuna kamar sunan yana ɓata mini rai, amma a gaskiya ina son shi.

To kusan wata guda da ya wuce Madu ya kira ni daga Tumur, sun je aiki, ya ce Yaya, Baba ya ce in nemo mishi abin da zai ƙara wa tele murya kafin a fara kokowar ƙasa, ni kuma ban san komai ba a kayan wuta, kai ne gwani, zan turo kuɗi ka zaɓo mishi mai kyau, irin doguwar nan da ake ajiyewa ƙasan tele marar waya. Na ce to. Ina kashe wayar na fara saƙe-saƙe. Wato Baba ya gaji da ni ke nan, kuma ko da zai nemi abin da zai maye gurbina bai tambaye ni ba, ni da na san kayan, sai ya tambayi Maduna. Kwana biyu ina juya maganar nan, ko tuwo ba ya mini daɗi.

Na je kasuwa wurin wani mutumin Damagaram mai shagon kayan wuta, dattijo ne mai gaskiya, shi ya sa yau nake jin kunyarsa. Kafin ya sauko da komai ya yi mini tambaya uku, wa zai saurara, wane irin tele ne, kuma wutar gari kuke da ita ko panno mai aiki da hasken rana. Na gaya mishi tsoho ne mai matsalar kunne, labarai da kokowa da wa'azi kawai yake kallo, telen ta ɗan kwana biyu ba ta da bulutu a jikinta, abin nan da ke haɗa na'urori ba tare da waya ba, wuta kuma kun san halinta, in ta tafi da batir muke ƙarasawa. Sai ya sauko da guda biyu. Ɗaya ƙarama baƙa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, ba ta da wani ado, amma tana da batir a ciki, kuma akwai wani maɓalli da in ka danna sai ta danne kiɗa da hayaniya ta fito da muryar mai magana sarai. Ya ce wannan ko kusa da kunnensa za ka iya ajiye mishi a kan tabarma, kuma in kana so magana ta tafi daidai da baki ka haɗa ta da waya ta ramin abin sauraro, kar ka wahalar da kanka da bulutu. Ɗayar kuwa doguwa ce mai fitilu ja da shuɗi suna rawa, da wani akwati nata daban na bas, mai fitar da kaurin sauti. Ya ce wannan ta samari ce, ta biki da shagali, in ka kai wa tsoho gurnani kawai zai ji, ga shi telenku sai an liƙa mata ɗan abin bulutu na daban, irin wanda nake da shi kuma murya takan makara, baki ya motsa sannan magana ta biyo.

Har gwada mini ya yi, ya sa labarai a dukkansu. Wallahi da kunnena na ji bambancin. A ƙaramar, matar da ke karanta labarai kamar tana zaune cikin shagon, kowane harafi yana fita. Ina jin haka na ce a raina in wannan ta shiga gidanmu ni na gama aiki. Kuma ba ni za a gode wa ba. Na ce mishi ba ni babbar. Ya dube ni ya ce ɗan samari ka ji abin da na ce kuwa? Na ce na ji, mai kuɗin babba yake so, ma'aikaci ne, ba zai kai wa ubansa abu kamar sandar rake ba. Ya ce to, in kun dawo da ita kar a ce ban faɗa ba. Ko dala ban ci a kuɗin ba, canjin ma na mayar wa Madu, ba sata ce ta kai ni ba.

Lissafina shi ne Baba zai saurara kwana ɗaya biyu ya ce a cire mishi wannan tarkacen, Madu ya ɗan ji kunya kaɗan, ni in koma wurina, shi ke nan ba wanda ya mutu.

Ran Juma'a bayan la'asar Madu ya zo, shi ya rungumo kwalin daga ɗakina ya kai gaban Baba ya durƙusa. Ni na hau kujera na huda bango, ni na ja wayoyi, ni na haɗa komai, gumi har cikin idona. Baba ya ɗaga hannu ya yi wa Madu addu'a har sai da Inna ta fara share hawaye, ni kuma abin da na samu shi ne, kai, matsa ka tare tele. Da na kunna, kwanon rumfa ya ɗauki rawa, kaji suka watse, Ajidan ya ce la ila, Direkta ka kawo mana sinima har gida, Minista sai ka nemi wani aiki an yi maka juyin mulki. Kowa ya yi dariya har da ni. Na zuba wa Baba ido ina jira ya yamutsa fuska. Yana ta kallon telen, na ga idonsa yana bin bakin mai magana yana ɓacewa, na san fuskar nan, ita ce fuskar da yake yi kafin ya buga gwiwata. Sai kawai ya gyaɗa kai ya ce madalla, tangaran nake ji, Maduna ya sayo mini kunne.

Bayan magariba na zo zan zauna a damansa kamar kullum, sai ya ɗora buta a wurin. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tashi ka je ka sha iska cikin 'yan uwanka samari, yanzu ina ji da kaina. Na fita, na yi ta yawo a unguwa ban san inda zan je ba, shekara shida ban san me samari suke yi bayan magariba ba.

Na ce gobe zai gaji. Bai gaji ba. Sati uku ke nan Baba yana zama gaban abin nan yana ta gurnani, yana gyaɗa kai. Ina laɓewa bakin zaure ina kallonsa. In an yi abin dariya sai ya ga Ajidan ya yi sannan shi ma ya yi, a makare. In an faɗi abin tashin hankali a labarai kowa ya yi salati, shi sai ya duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na ga yatsansa yana buga tabarma sau biyu, wurin da gwiwata take zama, sannan ya janye hannun ya sa a aljihu. Duk da haka in Madu ya kira waya ya ce Baba ya baful, sai ya ce Inna ta gaya mishi lafiya lau, Allah ya yi albarka. Kuma ku ji irin zuciyata, maimakon tausayi ya fara zuwa, haushi ne ya fara zuwa. Na ce wato ya gwammace ya zauna kurma da a ce kyautar Maduna ba ta yi ba. Da ni na sayo da kuɗina da tun daren farko an ce in kwashe.

Na kasa haƙuri na faɗa wa Inna haka a madafa, ban gaya mata abin da na yi ba, na ce dai Baba ba ya ji, yana rufa wa ɗan gaban goshinsa asiri ne. Ta ajiye muciya ta dube ni, ita ma ba ta faɗin sunana, ta ce kai dai ba ka da wayo. Ta ce ka tuna ranar da abokanka suka tafi wajen haƙar zinariya, ka tsaya nan tsakar gida kana cewa ba don tsohon nan ba da tuni ka bar garin nan, an ɗaure ka kamar akuya saboda labarai? Na ce ai ba ya ji. Ta ce ba ya ji amma yana gani, bakinka yake kallo shekara shida, wace kalma ce taka ba zai gane ba? Ta ce ranar bai ci tuwo ba, kuma tun ranar yake neman yadda zai sake ka. Ya tambayi Madu ne don ba zai iya duban idonka ya ce maka ka tafi ba. Yanzu ko abin nan kukan jaki yake yi zai ce yana ji, don kar ka ce shi ya hana ka.

Na fita daga madafar nan. Na so in je in cire baful ɗin a ranar, wallahi na so, amma in na cire me zan ce? In ce na yi kuskure, ni da kowa ya san na zauna wurin mai gyara? Na yi ta cewa gobe.

Jiya asiri ya fara tonuwa. Ana kokowa da la'asar, ɗan jiharmu ya shiga fili, rumfa ta cika har da mutanen da ba mu saba gani ba. Kun san kokowa, ganguna da kirari da ihun 'yan kallo, bas ɗin nan ya haɗe su duka ya zama gurnani ɗaya. Aka tsayar da wasa, mai sharhi ya yi ta bayanin dalili, ya maimaita ya sake maimaitawa, kowa a rumfar yana ta gardama a kai, sai Baba ya juyo ya ce wai me ya sa suka tsaya? Kowa ya juyo ya dube shi. Ajidan ya matso ya ce Alhaji, tsakaninka da Allah kana jin abin nan? Baba ya ce yana ji, hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Na ga kunya a fuskar mahaifina gaban baƙi, dattijon da ko a gona ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ajidan yana fita ya kira Direkta. Yau da safe Madu ya ɗauki izini a wurin aiki, ya zo ya kwance baful ɗin ya kai shago, sauran kun ji.

A bokal ɗin bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na samu abin riƙewa. Cewa ya yi, Yaya, mutumin nan ya ce kai ka ƙi ƙaramar, na ce ƙarya yake yi, yayana ba zai yi haka ba, na kusa kai mishi hannu gaban mutane, don Allah ka ɗauka ka ce mini ƙarya yake yi. Can ƙarshe muryarsa ta canza ya ce, in kuma gaskiya ne, me na yi maka? Tun ɗazu nake neman abu ɗaya da ya yi mini in rubuta mishi, na rasa. Laifinsa kawai shi ana kiran sunansa.

Kuma ba zan ɓoye muku ba tunda ba ku san ni ba, har yanzu abin bai fita daga raina ba. Ina tunanin yadda za a kawo ƙaramar, Baba ya ji da gaske a karon farko, fuskarsa ta washe, ya sake cewa Maduna, ni ina bakin zaure. Ina son ya ji, wallahi ina so, kuma ina jin zafin ranar tun kafin ta zo. Ban san ko akwai wanda ya taɓa jin irin wannan game da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ba, ko ni kaɗai ne zuciyata ta lalace.

Don Allah ku gaya mini, in je in durƙusa gaban Baba in faɗa mishi da bakina, ni da ban taɓa zama mun yi magana irin wannan da shi ba, ko in roƙi Madu a canza a yi shiru tsohon ya ƙarasa kwanakinsa bai san ɗansa na fari ya yi mishi haka ba? In na faɗa, zai gane cewa ba tafiya nake so ba, ko zai ƙara tabbata cewa zamana kusa da shi ba alheri ba ne? Ko kuwa in tafi ɗin kamar yadda ya buɗe mini hanya? Masu zagi ku zaga na cancanta, amma a cikin zagin ku sa mini shawara.

Ban iya kiran Madu ba, saƙo na tura mishi ɗazu, ya buɗe, har yanzu bai amsa ba. Ga shi yadda na rubuta:

Madu na ji bokal ɗinka. Ka ba mai shago haƙuri, gaskiya ya faɗa. Ni na ƙi ƙaramar kuma ina sane. Ba ka yi mini komai ba, kar ka tambaye ni dalili a waya ba zan iya ba. Ka karɓi ƙaramar baƙar mai batir, ka ce ya haɗa maka da wayar da ake sawa a ramin abin sauraro, kar ka yarda da bulutu. Kar ka kafa ta a bango, a tabarma za a ajiye ta gefen damansa. In za ka gaya wa Baba ba zan hana ka ba, amma ka bari sai ya ci abinci. Abu ɗaya nake roƙo, in ka kai gida kar ka kunna sai na zo. Zai ce maka yana ji ko ba ya ji, kai ba za ka gane ba. Ni in na kalli fuskarsa zan sani.